Wiliyam Wilbafos: Rarraunan Mutum Da Allah Ya Tsayar A Majalisa

Akwai wata damuwa da ke zuciyar iyaye masu bi da yawa. Yaro ya gama makaranta, ya sami aikin gwamnati, ko ya shiga kasuwanci a birni. A can ba mai tashinsa zuwa sujada, ba mai tambayarsa ko ya yi addu'a. Iyaye suna murna da aikin, amma tsoro bai bar su ba: ko bangaskiyarsa za ta tsaya? Waɗansu ma suna ganin mai bi na ƙwarai sai ya nisanci irin waɗannan wurare ɗungum.

Ga labarin wani mutumin Ingila wanda wannan tambaya ta dame shi ƙwarai. Ya yi shekara 44 da ƴan watanni a majalisar dokokin ƙasarsa, tsakiyar masu kuɗi da masu mulki waɗanda yawancinsu ba ruwansu da tsoron Allah. Gajere ne, ramamme, mai yawan ciwo, idonsa kuma ba ya gani sosai. Duk da haka Allah ya riƙe shi har ƙarshe. Sunansa Wiliyam Wilbafos.

Ƙuruciyarsa

An haifi Wiliyam ran 24 ga watan Agusta 1759 a garin Hul, wani garin bakin teku a arewacin Ingila. Gidansu gidan attajirai ne masu fatauci da jiragen ruwa. Ubansa ya rasu a 1768, yaron bai cika shekara 9 ba. Sai aka kai shi riƙo wurin ɗan'uwan ubansa kusa da birnin Landan. Wannan baffa da matarsa Hannatu masu bi ne na gaske. A gidansu yaron ya ji bishara, ya ga ana karatun Maganar Allah safe da yamma, zuciyarsa kuwa ta karkata ga Ubangiji.

Da labari ya kai wa uwarsa, sai hankalinta ya tashi. A zamanin nan manyan Ingila suna zuwa sujada ran Lahadi don al'ada, amma wanda ya riƙe addini da zafi sai a mai da shi abin ba'a, a ce ya zarce gona da iri. Uwar ta ji tsoro kada ɗanta ya zama haka, ya rasa matsayi cikin manya. A 1771 ta ɗauko shi, yana da shekara 12, ta komo da shi Hul. Aka dinga kai shi wuraren biki da rawa da karta. Da fari ba ya so, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kafin ƴan shekaru, abin da ya koya a gidan baffansa ya dushe.

Saurayi mai kuɗi

A 1776 ya shiga babbar makarantar Kambirij. Kakansa da baffansa suka rasu suka bar masa dukiya mai yawa, don haka bai ga dalilin wahalar karatu ba. Dare ya yi, sai karta da caca da hira har asuba. Yana da daɗin baki, yana da muryar waƙa, kowa yana son zama da shi. A can ya san wani saurayi, Wiliyam Pit, wanda daga baya ya zama babban amininsa.

A 1780, yana da shekara 21, ya nemi kujerar majalisa, wato abin da muke kira depite. Ya kashe fiye da fam 8,000 wajen neman ƙuri'a, gama haka ake yi a lokacin, ya kuwa ci. A ƙarshen 1783 amininsa Pit ya zama Firayim Minista yana da shekara 24 kacal. A 1784 Wilbafos ya ci kujerar Yoksha, lardin da ya fi kowane girma a Ingila. Ga kuɗi, ga suna, ga abota da shugaban gwamnati. Abin da duniya ke iya ba saurayi, ta ba shi.

Tafiyar da ta juyo shi

A watan Oktoba 1784 ya shirya tafiyar hutu zuwa kudancin Faransa tare da uwarsa da ƴar'uwarsa. Yana neman abokin hira na hanya, sai ya gayyaci Ishaku Milna, wani babban masani na Kambirij wanda ya taɓa koyarwa a makarantar da Wiliyam ya yi tun yana ƙarami. Bai sani ba ashe Milna yana riƙe da bishara da gaske. Cikin keken doki, kwana da kwanaki, in Wilbafos ya yi wa masu bi ba'a, sai Milna ya amsa masa da natsuwa da hujja. Suka karanta wani littafin Filibus Dodirij mai bayanin yadda bangaskiya ke tsirowa a rai, ta yi girma. A shekara ta biye suka sake tafiya, suka bi Sabon Alkawari cikin Helenanci, aya bayan aya.

Da fari kansa ne kaɗai ya yarda. Ya ga maganar gaskiya ce, amma ya ci gaba da zamansa na dā. Daga baya abin ya sauko zuciya. Ya duba shekarun da ya ɓatar, da dukiyar da ya watsar, da yadda ya yi ta neman yabon mutane, sai baƙin ciki mai tsanani ya kama shi. Ya fara tashi da asuba don addu'a da karatu. Ya buɗe littafin da yake rubuta halin zuciyarsa kowace rana, ba ya ɓoye wa kansa laifi. Ya janye sunansa daga gidajen cacar da yake zuwa. Wata da watanni yana cikin wannan nauyi, sai wajen Idin Tashin Almasihu na 1786 ya sami salama, ya tabbata jinin Yesu ya isa ya wanke shi.

Ya fita, ko ya zauna?

Cikin waɗannan watanni ne babbar tambayar ta taso. Ya ga majalisa cike take da ƙarya da girmankai da sayen mutane da kuɗi. Ya yi tunanin ya bar ta, ya janye daga harkar duniya, ko ya zama mai wa'azi.

Akwai wani fasto a Landan, Jon Niyuton, mai shekara 60, wanda Wiliyam ya sani tun zamansa gidan baffa. Niyuton a dā shugaban jirgin bayi ne, ya yi ta ɗaukar ƴan Afirka daga bakin teku, kafin ya bar wannan aiki ya zama mai hidimar bishara. A watan Disamba 1785 Wilbafos ya rubuta masa takarda a asirce yana neman su gana, har ya roƙe shi ya yage takardar bayan ya karanta, don kunyar kada abokansa su ji. Ran da ya je, sai da ya kewaya dandalin unguwar sau biyu kafin ya iya buga ƙofar. Ku duba, ba jarumi ba ne ta halitta. Tsoron bakin mutane yana damunsa kamar yadda yake damunmu.

Niyuton ya saurare shi, ya ba shi shawara kada ya bar majalisa. Ya nuna masa mai yiwuwa ne Allah ya ajiye shi a wurin nan don amfanin ikkilisiya da na ƙasa. Pit ma, ko da yake bai bi shi cikin wannan sabuwar rayuwa ba, ya roƙe shi ya zauna. Wilbafos ya zauna. Wannan ya yi daidai da addu'ar Ubangijinmu cikin Yahaya 17:15, inda bai roƙi Uba ya kwashe almajirai daga duniya ba, sai dai ya tsare su daga Mugun. Yusufu ya bauta wa Allah a fadar Fir'auna, Daniyel a fadar Babila. Gishirin da ke ƙulle cikin buhu ba ya gyara miya.

Cinikin bayi

To, wane aiki ne Allah ya ajiye masa? A zamanin nan jiragen Ingila suna tashi daga Libaful da Biristol da Landan ɗauke da tufafi da bindigogi da barasa. Su zo bakin tekun Afirka ta Yamma su musanya kayan da mutane. Su ƙetare teku da mutanen zuwa tsibiran Karibiyan da ƙasashen Amurka, a sayar da su don noman rake da taba da auduga. Sa'an nan jiragen su komo gida da sukari. A shekarun da cinikin ya fi ƙarfi, jiragen Ingila kaɗai suna kwasar mutum wajen 40,000 a shekara. In aka haɗa dukan ƙasashe da dukan zamanin cinikin, fiye da mutum miliyan 12 aka ɗora a jirage, kusan miliyan 2 kuwa teku ce kabarinsu.

Ana jera su a cikin jirgi kamar damman hatsi a rumbu, maza biyu biyu da mari a ƙafa. Wani jirgi mai suna Buruks, wanda aka zana hotonsa aka baza a Ingila, doka ta yarda masa mutum 454, amma kafin dokar ya taɓa ɗaukar 609. Kuɗin da ke fitowa daga nan ya shiga aljihun manya da yawa, har da waɗansu ƴan majalisa.

Ba Wilbafos ne ya fara kuka a kan wannan ba. Masu bi na ɗarikar Kwaka sun riga shi. Akwai Giranbil Shap, wanda ya daɗe yana kai ƙarar bayi gaban shari'a. Akwai Toma Kilakson, wanda ya bi tashoshin jirage a kan doki yana tattara shaida daga bakin matuƙa, yana sayen mari da sarƙa don ya nuna wa mutane. Akwai Olauda Ekwiyano, baƙin mutum wanda ya ɗanɗani bauta da kansa, ya fanshi kansa, ya buga labarin rayuwarsa a 1789. A watan Mayu 1787 mutum 12 suka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin, 9 daga cikinsu ƴan Kwaka. Abin da suka rasa shi ne baki a cikin majalisa. Suka nemi Wilbafos, Pit kuma ya ƙarfafa shi wata rana suna zaune gindin wani babban itace a gonarsa. Ran 28 ga Oktoba 1787 Wilbafos ya rubuta cikin littafinsa cewa ya gane Allah ya ɗora masa manyan ayyuka biyu: kashe cinikin bayi, da gyaran halin mutanen ƙasarsa.

Shekara 20 ana kāda shi

Ya zaci abin ba zai daɗe ba. Amma kafin ma ya fara, a farkon 1788, ciwon hanji mai tsanani ya kwantar da shi, har likitoci suka fid da rai. Ya tashi, amma bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Maganin da suka ba shi shi ne ofiyom, mai kashe zafin ciwo amma mai kama jiki, bai kuwa rabu da shi ba har mutuwarsa.

Ran 12 ga Mayu 1789 ya miƙe a majalisa ya yi magana fiye da awa 3, ya bayyana yadda ake kama mutane da yadda suke mutuwa a teku. Bai ware kansa daga laifin ba, ya ce su duka ƴan majalisa suna da hannu tun da sun bar abin yana gudana. Masu cinikin suka ce a ƙara bincike, aka yi ta jan maganar har shekara 2.

A watan Fabrairu 1791, Jon Wesli, tsohon mai wa'azi mai shekara 87, ya rubuta masa takarda kwana kaɗan kafin ya rasu. Ya faɗakar da shi cewa wannan yaƙi ya fi ƙarfin mutum. In da ƙarfin kansa ya shiga, gābar mutane da ta Shaiɗan za ta cinye shi. In kuwa Allah ne ya kira shi, ba mai iya kā da shi, don haka kada ya gaji. A watan Afrilu aka kaɗa ƙuri'a: 163 suka ƙi, 88 suka yarda. Ya fāɗi.

A 1792 talakawa suka tashi. Takardun koke fiye da 500 suka iso majalisa, mutum wajen 300,000 kuma suka daina shan sukarin da bayi suka noma. Majalisa ta yarda a kashe cinikin, amma wani minista mai wayo, Henri Dandas, ya sa aka ƙara cewa sannu a hankali za a yi. Majalisar manyan sarakai kuma ta danne maganar. Ɗan sarkin Ingila da kansa ya miƙe a can ya zagi masu neman a hana cinikin. Wani shugaban jirgi, wanda Wilbafos ya ambaci sunansa a majalisa a kan mutuwar wata yarinya baiwa, ya yi ta yi masa barazana, har sai da wani aboki ya riƙa raka shi da makami. A 1793 yaƙi ya ɓarke da Faransa, aka fara kiran duk mai maganar ƴanci abokin maƙiya. Waɗanda suke tare da shi jiya suka ja da baya.

Wadda ta fi ciwo ita ce ta 1796. An kā da shi da ƙuri'a 4 kawai, 74 da 70, alhali waɗansu magoya bayansa sun tafi kallon wasan waƙa a daren nan. Wannan ta karya masa zuciya, har ya sake tunanin barin majalisa. Tsoho Niyuton ya rubuta masa, ya tuna masa da Daniyel, da Allahn da ya isa ya tsare bawansa a ramin zakoki. Ya komo bakin aiki. A 1804 ya ci a majalisa ta fari, ta biyun ta ce lokaci ya ƙure. A 1805 ya sake fāɗuwa.

Ina ya sami ƙarfi?

Ku dubi itacen gawo. Da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe, shi ne yake shar da ganye, dabbobi suna hutawa a inuwarsa. Saiwarsa ce ta nutse can ƙasa inda ruwa yake, ba mai ganinta. Haka annabi Irmiya ya kwatanta mai dogara ga Ubangiji (Irmiya 17:7-8). Ga inda saiwar Wilbafos take sha.

Na fari, asuba. Kafin baƙi su cika gidansa, yakan keɓe da Littafi Mai Tsarki da addu'a. Ya lura duk lokacin da yawan aiki ya cinye masa wannan sa'a, ransa yakan yi sanyi, haushinsa ya yi kusa. Ya haddace Zabura 119 duka, aya 176, yakan bi ta a zuciya yana tafiya gida da ƙafa.

Na biyu, ranar Lahadi. Yakan ajiye takardun majalisa, ya je sujada, ya zauna da iyali, ya ziyarci marasa lafiya. Ya shaida cewa wannan rana ce take warkar masa da kwaɗayin girma, gama a cikinta abubuwan duniya suke komawa daidai girmansu. Abokin Firayim Minista ne, amma bai taɓa riƙe kujerar minista ba.

Na uku, ƴan'uwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙauyen Kilafam, kusa da Landan, waɗansu masu bi suka zauna maƙwabtan juna: Henri Tonton mai banki, Yakubu Istifin lauya, Zakariya Makoli wanda ya yi gwamna a Saliyo, da fastonsu Jon Ben. Suna addu'a tare, suna shawara tare, suna gaya wa juna laifi ba ɓoyo. Ƴan majalisa suka laƙaba musu sunan tsarkaka don ba'a.

Na huɗu, gida. A 1797 ya auri Barbara Sifuna, suka haifi ƴaƴa 6. Yana tara iyali da barori don addu'a, yana wasa da yaransa kamar shi ma yaro ne. Waɗanda suka san shi sun shaida mutum ne mai fara'a da dariya, ba mai ɗaure fuska ba. A wannan shekara ce ya buga littafi yana nuna wa manyan ƙasarsa bambancin Kirista na suna da Kirista na gaskiya. Cikin wata 6 aka sayar da guda 7,500.

Bangaskiyarsa ta shiga har cikin aljihunsa da ƙuri'arsa. Yana ba da babban rabo na abin da yake samu ga matalauta da makarantu da aikin bishara. Da ya ga ya kamata a nemi sulhu da Faransa, ya faɗa a fili a majalisa, ko da yake wannan ya ɓata tsakaninsa da Pit har wani lokaci. Ya fi son ya ɓata wa amini rai da ya ɓata lamirinsa.

Daren 23 ga Fabrairu 1807

Pit ya rasu a farkon 1806. Sabuwar gwamnati ta goyi bayan maganar. Da dabarar Istifin aka fara kafa dokar da ta hana jiragen Ingila kai bayi ƙasashen waɗansu, wannan kuwa ta karya babban rabo na cinikin. Sa'an nan aka kawo babbar dokar. A daren 23 ga Fabrairu 1807 ƴan majalisa suka yi ta miƙewa suna goyon baya. Da wani ya ambaci aikin Wilbafos, sai majalisa ta ɗauka da sowa. Shi kuwa yana zaune, kai a sunkuye, hawaye suna zuba. Aka ƙirga: 283 suka yarda, 16 suka ƙi. Ran 25 ga Maris dokar ta tabbata. Niyuton, wanda ya makance don tsufa, ya ji labarin da kunnensa kafin ya rasu a watan Disamba na shekarar. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Tsufa da hasara

Dokar ta hana ciniki, amma waɗanda suke cikin bauta suna nan cikinta. Wilbafos da abokansa sun zaci iyayengiji za su sassauta da kansu, a kai ga ƴanci sannu sannu. A nan sun yi kuskure, bayi kuwa suka ƙara shekaru masu yawa cikin wahala. Akwai kuma wani abin da ake zarginsa da shi, da gaskiya: ya goyi bayan dokokin da suka hana ma'aikatan Ingila haɗa kai don neman hakkinsu. Bawan Allah ne, amma mutum ne, ba ya ganin kome duka.

A 1823 aka kafa sabuwar ƙungiya don kashe bautar kanta. Ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Ƙashin bayansa ya tanƙware har kansa yana faɗowa kan ƙirji, sai da ɗamarar ƙarfe a ƙarƙashin riga yake iya zama sosai. Bai riƙe aikin don kada wani ya sami suna ba. Ya danƙa shi ga wani ƙaramin ɗan majalisa mai bi, Toma Bakston, ya bar majalisa a 1825.

Gwaji bai ƙare ba. Ƴarsa Barbara ta rasu a 1821, Alisabatu a 1832. A 1830 kasuwancin madara na babban ɗansa ya karye, ya tafi da yawancin dukiyar gidan. Wanda aka haifa cikin arziki ya bar gidansa yana da shekara 70 da ɗoriya, ya koma zama wurin ƴaƴansa biyu masu aikin fasto, wani lokaci nan, wani lokaci can. Bai yi gunaguni ba. Ya gode wa Allah da ya ba shi zama kusa da jikokinsa, yana jin ƴaƴansa suna wa'azi.

Bayin ma ba su zauna hannu naɗe ba. A ƙarshen 1831 dubbai suka tashi a tsibirin Jamaika, shugabansu Samuila Shap, dikon na ikkilisiyar Baftis. Aka rataye shi a 1832, amma Ingila ta gane bauta ba za ta ɗore ba. Ran 26 ga Yuli 1833 aka kawo wa Wilbafos labari a gadon ciwo cewa ya tabbata dokar ƴanta bayi za ta haye a majalisa. Bayan kwana 3, ran 29 ga Yuli, ya huta, yana da shekara 73. Aka binne shi a babbar majami'ar Wesminista kusa da Pit. Dokar ta fara aiki ran 1 ga Agusta 1834, ta shafi mutum wajen 800,000. Ba ta rasa aibi ba: an biya iyayengiji diyyar fam miliyan 20, bayin ba a ba su ko anini ba, aka kuma tilasta musu ci gaba da aiki har 1838.

Yadda abin ya iso ƙofarmu

Bayan 1807 jiragen yaƙin Ingila suka riƙa tare jiragen bayi a teku. Cikin shekara 50 da ƴan kai suka kuɓutar da mutum wajen 150,000, aka sauke da yawansu a Firitawun ta Saliyo, garin da mutanen Kilafam suka taimaka aka kafa. Cikinsu akwai Hausawa. Akwai kuma wani yaro Bayarabe, Ajayi, wanda aka kuɓutar a 1822, ya zama Bishop Samuila Ajayi Kurauda a 1864.

Wilbafos yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mishan ta CMS a 1799, da ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki a 1804. Wani ɗan mishan na CMS, Bajamushe mai suna Shon, ya fara koyon Hausa a bakin ƴantattun bayi a Saliyo. Daga baya ya yi aiki da Dorugu, yaron ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta aka ƴanta, ya je Ingila a 1855. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa. A 1932 ƙungiyar nan ta 1804 ta buga dukan Littafi Mai Tsarki da harshenmu. Wilbafos bai taɓa taka Afirka ba, amma zamansa a kujerar da ya so ya gudu ya bari yana cikin hanyoyin da Allah ya bi har Maganarsa ta shigo gidajenmu.

Kai fa, mai karatu?

Yawancinmu ba za mu zauna a majalisa ba. Amma kowa yana da inda Allah ya ajiye shi: gona, kasuwa, makaranta, asibiti, barikin soja, ko gidan miji inda ke kaɗai ce mai bi. A can ne ake gwada bangaskiya, sa'ad da aka ce ka rage tiya, ko ka sa hannu a takardar ƙarya, ko ka yi shiru ana cutar maraya.

Kada ka ce ba ka da ƙarfi. Wilbafos ma ba shi da shi. Manzo Bulus ya koya mana cewa cikin rashin ƙarfinmu ne ikon Almasihu yake bayyana sosai (2 Korantiyawa 12:9-10), Ishaya kuma ya ce masu jiran Ubangiji ne ake sabunta wa ƙarfi (Ishaya 40:29-31). Ruwan da aka ɗebo jiya ba ya isa yau, kowace safiya sai an koma rijiya. Kada kuma ka auna biyayyarka da saurin nasara. Wanda ya shuka dabino ya san ba bana zai ci ba (dubi Galatiyawa 6:9).

Ku iyaye, ku tuna da Hannatu da mijinta. Shekara kaɗan yaron ya yi a hannunsu, aka ƙwace shi, irin da suka shuka ya kwanta a ƙasa shekara 14 kamar ya mutu. Baffan ya rasu bai ga tsirowarsa ba. Ku shuka Maganar Allah a zuciyar ƴaƴanku tun suna gabanku. In sun tafi birni, ku bi su da addu'a, ku haɗa su da ikkilisiya da ƴan'uwa a can.

In kuwa har yanzu Kirista na suna ne kai, kamar Wiliyam kafin tafiyarsa da Milna, ƙofa a buɗe take. Ka zo wurin Yesu yau da zunubinka da tsoronka. Shi wanda ya riƙe wannan rarraunan mutum har ƙarshe, ya isa ya riƙe ka. Ubangiji ya taimake mu duka. Amin.